Sanda da Tsirkiya: Tarihin Gyaran Kayan Kiɗa a Gabashin Sakkwato, Daga Molo Zuwa Jita

Gabatarwa

Masu nazarin waƙar baka ta Hausa sun daɗe suna ba da ƙarfi ga mawaƙi da abin da ya fito daga bakinsa, watau jigo da salo da zubi da tsari. Abin kiɗan da ke hannunsa kuwa, akasari sai a ambaci sunansa kawai a wuce, kamar dai daga sama ya faɗo da amonsa. Alhali kuwa kowane molo ko garaya ko gurmi yana da sanda wadda kan lanƙwashe ko ta karye, yana da fata wadda kan saki ko ta tsage, yana kuma da tsirkiya wadda kan yi nisa da sanda har ta gajiyar da yatsu, ko ta kwanta har ta riƙa gugar sandar tana ƙara marar daɗi. Wanda bai iya gyaran waɗannan abubuwa ba, ko da ya fi kowa murya, ba zai kwana biyu yana sana'ar ba.

Wannan maƙala ta ɗauki ɗan ƙaramin fanni ne daga cikin wannan ilimi, watau yadda ake sauya sandar abin kiɗa da yadda ake daidaita tsayin tsirkiya a kanta. Za a duba al'amarin ta fuskar tarihi, a kuma tsaya a gabashin Sakkwato, ƙasashen Wurno da Raba da Goronyo, har da gundumar Boyekai da ke cikin ƙaramar hukumar Goronyo. Daga nan sai a kwatanta da jita, baƙuwar da ta zo daga Turai, domin a ga inda hikimar Bahaushe da ta Bature suka haɗu da inda suka rabu.

Ƙasar da Mutanenta

Wurno da Goronyo suna bakin Gulbin Rima ne, Raba kuwa tana bakin Gulbin Sakkwato. Kafin jihadi wannan yanki yana ƙarƙashin ikon Gobir, wadda babban birninta, Alƙalawa, yake gabas da Goronyo a kan shi wannan gulbi na Rima, har zuwa faɗuwarsa a shekarar 1808. Bayan haka Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mai da Wurno ribaɗi domin tsare iyakar daula, a can ya rasu a 1837, can kuma kabarinsa yake. Raba ita ce garin da ake jingina wa Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba, wanda ya yi mulki daga 1873 zuwa 1877, kuma nan ce mahaifar jikansa, Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello.

Mazauna yankin sun haɗa da Gobirawa da Fulani da Adarawa da Zamfarawa da Buzaye, sana'o'insu kuwa noma da kiwo da su da farauta da jima da dukanci. Wannan ya sa duk abin da mai haɗa kayan kiɗa yake bukata yana kusa da shi. Duma da ƙwarya suna fitowa daga gona da fadama. Jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna har a kasuwannin Turai ta hanyar fataken Sahara, tana cikin kowane gida. Guza yana bakin gulbi, damo yana tudu, gada tana daji, izgar doki kuwa ba ta wuya a ƙasar da ke cike da barade.

Ƙirar Kayan Kiɗa Masu Tsirkiya

Kayan kiɗa masu tsirkiya na Hausa iri biyu ne. Akwai waɗanda ake gogawa, watau goge da kukuma, akwai kuma waɗanda ake kaɗawa da yatsu ko da ɗan guntun ƙirgi, watau molo da garaya da komo da gurmi da kuntigi. David Ames da Anthony King, waɗanda suka yi bincike a Zariya da Katsina, sun tattara sunayensu da na sassansu a cikin ƙamus ɗin kiɗan Hausa da suka wallafa a 1971.

Duk da bambancin girma da amo, gininsu guda ne. Da fari akwai ciki, wanda ake sassaƙawa daga icce a wajen molo da garaya, ko a yi da duma ko ƙwarya a wajen komo da gurmi da goge, ko da gwangwanin kifi a wajen kuntigi irin wanda Alhaji Ɗanmaraya Jos ya shahara da shi har zuwa rasuwarsa a 2015. Na biyu akwai fata da ake rufe cikin da ita, ta akuya ko ta gada ko ta guza ko ta damo. Na uku akwai sanda, mulmulalliya, ta gora ko ta wani icce mai ƙwari. Na huɗu akwai jaki, ɗan guntun icce ko kara da ke zaune a kan fata yana ɗauke da tsirkiya. Na biyar ita ce tsirkiyar kanta, wadda a da ake murɗawa daga izgar doki ko jijiya ko fata.

Yadda ake haɗa sanda da ciki hanya biyu ce. A wasu, kamar molo, akan tsaga fatar a wurare kaɗan, a sako sandar ta cikin tsagogin kamar yadda ake saka allura a tufa, bakinta ya tsaya daidai wani rami da aka bari a fatar, a nan ake maƙala ƙarshen tsirkiya. A wasu kuma, kamar gurmi, sandar kan huda ƙwaryar ta fito ta ɗaya gefen. Ko ta wace hanya aka bi, ba a sa gam, ba a buga ƙusa. Fata da ƙarfin jan tsirkiya su ke riƙe da sandar. A can saman sanda kuma, kowace tsirkiya an ɗaure ta ne da zoben fata, wanda makaɗi kan tura sama in yana son amo ya tashi, ko ya jawo ƙasa in yana son ya sauka.

Sauya Sanda da Daidaita Tsirkiya a Gargajiyance

Tun da ba a liƙe sandar da komai ba, sauya ta bai taɓa zama abin tashin hankali ba. Abubuwa uku ne kan kawo sauyin: karaya, ko cin gara da ƙwaro, ko kuma lanƙwasa saboda jan tsirkiya na shekara da shekaru. Idan haka ta faru, sai a kwance tsirkiyoyi, a ɗauke jaki, a ɗan jiƙa fatar daidai tsagogin domin ta yi laushi, sa'an nan a zare tsohuwar sandar a hankali. Sabuwar dole ta kasance busasshiya sarai, domin ɗanyen icce zai karkace bayan ya bushe. In tana da 'yar lanƙwasa akan gasa ta a wuta a miƙe ta, kamar yadda ake yi wa sandar kiwo ko kyauron kibiya. Babban abin lura shi ne kaurinta. Idan ta fi tsohuwar sirantaka za ta riƙa motsi a cikin tsagogin, amo ya ƙi zama. Idan ta fi ta kauri kuwa, fatar na iya yagewa lokacin da ta bushe ta ɗame.

Bayan an sa sanda sai maganar tsayin tsirkiya, watau tazarar da ke tsakaninta da sandar. Abubuwa uku ke hukunta wannan tazara: miƙewar sanda, da tsayin jaki, da ɗamewar fata. Idan tsirkiya ta yi sama da yawa, danna ta kan yi wuya, kuma dannawar kan ƙara mata ja, sai amon ya haura inda ake so. Idan ta yi ƙasa da yawa sai ta riƙa dukan sanda ko fata, amon ya shaƙe. Maganin na farko shi ne a kankare jaki, maganin na biyu kuwa a sake wani mai tsayi ko a sa masa wani abu a ƙasa.

Yanayi ma yana da nasa hukunci. Da damina fata kan sha raɓa ta saki, jaki ya nutse a cikinta, tsirkiya ta kwanta. Shi ya sa ake ganin makaɗi ya kanga abin kiɗansa ga wuta ko ya shanya shi a rana kafin ya fara wasa. Da hunturu kuwa fatar kan ɗame ƙwarai, jaki ya taso, amo ya yi kaifi, har wani lokaci fatar ta fashe. Saboda haka daidaita tsirkiya aiki ne na kullum, kuma makaɗin da kansa ke yin sa. Masassaƙi na iya fafe masa icce, majemi ya ba shi fata, amma haɗawa da gyara nasa ne, kuma yaro kan koye su a wurin ubangidansa tun kafin a yarda ya yi kiɗa a gaban jama'a.

Dangin Molo a Wasu Ƙasashe

Wannan ƙira tsohuwa ce ƙwarai. A gidan tarihi na Alƙahira akwai wani abin kiɗa da aka tono daga kabarin wani mawaƙi mai suna Harmose, wanda ya rayu a zamanin Sarauniya Hatshepsut, kimanin shekara 3,500 da suka wuce. Cikinsa na icce ne, an rufe shi da fata, an sako sanda ta cikin fatar, an kuma ɗaure tsirkiyoyinsa uku da igiya a saman sandar. Duk Bagobirin da ya gan shi zai ce molo ne. Haka kuma Ibn Baɗuɗa, wanda ya ziyarci daular Mali a 1352 zuwa 1353, ya ba da labarin mawaƙan da ke tafiya gaban sarki riƙe da kayan kiɗa masu tsirkiya. Har yanzu dangin nan suna nan: hoddu a wurin Fulani, tahardant a wurin Buzaye, ngoni a wurin Bambara, halam a wurin Wolof, Zabarmawa kuwa su ma molo suke ce masa.

Cinikin bayi ya ƙetarar da wannan ilimi zuwa tsibiran Karibiyan. Wani likita Bature, Hans Sloane, wanda ya zauna a Jamaika a 1687 zuwa 1689, ya buga hoton kayan kiɗan duma da ya gani a hannun bayi a cikin littafinsa na 1707. Daga irin waɗannan ne banjo ta Amurka ta samo asali. Ta riƙe fata da jaki mai zama a kan fata da sanda mai ratsa ciki, amma ta ari shimfiɗaɗɗiyar fuska da maɗauran murɗi daga kayan kiɗan Turawa.

Zamanin Jihadi da Abin da Ya Biyo Baya

A Gobir ta kafin jihadi, garaya da goge suna da babban matsayi a wajen farauta da kuma bori, wanda Inna ta Gobir ke shugabanta. Wannan alaƙa da bori da taron maza da mata tana daga cikin dalilan da suka sa malaman jihadi suka tsananta wa kayan kiɗa masu tsirkiya fiye da tambari da gangar yaƙi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi magana a kan kiɗa a littattafai da dama, kuma a cikin Najmul Ikhwan na 1812 ya kawo saɓanin malamai a kan wasu mas'alolinsa. Ƙanensa Malam Abdullahi, wanda ya bar jama'a ya nufi gabas a 1807 har ya tsaya a Kano, ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe a cikin abubuwan da suka ɓata masa rai, kamar yadda ya zo a Tazyinul Waraƙat. Veit Erlmann ya tattara waɗannan rubuce-rubuce ya yi nazarinsu a wani littafi da ya fito a 1986. Ita ma Nana Asma'u, wadda ta yi zama a Wurno, ta kafa tsarin 'yan taru ne domin ilimantar da matan karkara da janye su daga bori.

Sakamakon haka, a fadojin ƙasar Sakkwato kiɗan fata ne ya samu gindin zama, watau tambari da kotso da taushi, kuma a kansu ne manyan makaɗan fada na ƙarni na 20 irin su Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo suka gina sunansu. Kayan tsirkiya kuwa sai suka koma hannun mafarauta da 'yan kokawa da 'yan bori da samarin ƙauye, suka kuma ci gaba da rayuwa a fili a wuraren da Gobirawa da Katsinawa suka sake kafa mulki, kamar Tsibiri da Maraɗi. Wannan ya shafi ilimin gyaransu ta hanya biyu. Bai shiga takarda ba, domin masu alƙalami ba su ɗauke shi abin rubutawa ba. Amma kuma bai mutu ba, domin abin kiɗan da ake iya kwancewa a sake haɗawa da kayan daji ba ya bukatar izinin kowa ko kuɗin kowa.

Wani labari daga Wurno ya nuna bambancin wannan da kayan waje. A 1853 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka a Wurno zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Daga cikin kyautar da ya miƙa akwai wani ɗan akwati mai kiɗa da kansa in an wana shi. Sarkin Musulmi ya yi murna da shi, har ya kira wani amininsa ya zo ya gani, sai akwatin ya yi shiru ya ƙi motsi. Barth ya ɗora laifin a kan sauyin yanayi da jijjigar doguwar tafiya, ya kuma shawarci matafiya da su guji irin wannan kyauta mai saurin lalacewa. Matsalar da akwatin nan ya gamu da ita, ita ce jita za ta tarar bayan shekaru masu yawa.

Wuyan Jita da Tarihinsa

Abin da Bahaushe ke kira sanda, Turawa wuya suke ce masa. Jita ta zamani ta samu siffarta ne a Sifen a hannun Antonio de Torres, wanda ya rayu daga 1817 zuwa 1892. A ƙirar Sifen, gindin wuyan yana shiga cikin gangar jikin tun wajen gini, a liƙe su su zama abu guda, saboda haka cire shi kusan rushe jitar ne. A Amurka kuwa, kamfanoni irin su Martin, wanda aka kafa a 1833, sukan sassaƙa gindin wuyan ya shige cikin wani gurbi a sa gam. Wannan yana ciruwa, amma sai gwani ya tura tururi cikin gurbin ya narkar da gam ɗin.

Da aka koma ga tsirkiyar ƙarfe sai wata matsala ta taso. Tsirkiyoyi 6 na ƙarfe suna jan wuya da nauyin da ya kai kimanin kilo 70, alhali na jijiya ko na roba ba su wuce kimanin kilo 40 ba. Katako kaɗai ba ya jure wannan ja sai ya rusuna. A 1921 wani ma'aikacin kamfanin Gibson, Thaddeus McHugh, ya nemi rajistar wata dabara, aka ba shi a 1923: a binne siririn ƙarfe a cikin wuyan daga sama har ƙasa, mai noti a baki, wanda in an ɗaure shi yake mayar da wuyan baya. Sa'an nan a 1950 Leo Fender, wanda asalinsa mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na Kalifoniya, ya fito da jitar lantarki wadda aka ɗaure wuyanta da ƙusoshi masu murɗi guda 4 da ɗan farantin ƙarfe. Manufarsa ita ce in wuya ya lalace a kwance shi a sa wani cikin ɗan lokaci. Masu ƙira na lokacin sun yi wa abin dariya, amma ya karɓu a duniya duka. Ta haka jita ta iso, bayan doguwar hanya, ga ƙa'idar da molo ya tsaya a kanta tun fil azal, watau sanda abar sauyawa ce.

Sai dai sauya wuyan jita ya fi sauya sandar molo sharuɗɗa, saboda 'yan ƙarafan da aka gitta a kan fuskar wuyan, waɗanda za a iya kira matakai. Mai molo yana neman amo ne da kunne, ya sa yatsa inda ya ga dama. Mai jita kuwa matakai sun riga sun yanke masa wuri, kuma an jera su ne bisa lissafin tsawon tsirkiya, wanda a jitar Sifen yakan kasance milimita 650, a ta Fender kuwa 648. Mataki na 12 dole ya faɗo a tsakiyar tsirkiya. In aka ɗauko wuyan da aka yi wa wani tsawo aka ɗaura a jikin da ba nasa ba, jitar ba za ta taɓa faɗin gaskiya ba, ko da an ɗaure tsirkiyoyinta daidai.

Daidaita tsayin tsirkiya ma yana da tsari, kuma in an saɓa jerin sai aiki ya koma baya. Da fari akan duba miƙewar wuya, a murɗa notin ƙarfen ciki kaɗan kaɗan, kada ya wuce rubu'in zagaye a lokaci guda, har a bar 'yar rusunawa da ba ta fi kaurin takarda biyu ko uku ba, domin tsirkiya ta samu wurin kaɗawa. Na biyu a duba kusurwar da wuya ya zauna a jiki, in ta karkace a sa ɗan siririn katako a gurbin. Na uku a gyara tsayin jaki. A nan ƙa'idar ita ce, in ana son tsirkiya ta sauka da milimita 1 a mataki na 12, sai an rage jaki da milimita 2, tun da matakin yana tsakiya ne. Tazarar da aka saba bari a wannan wuri ita ce milimita 2 zuwa 2.5 a jitar ƙarfe, 3 zuwa 4 a ta roba. Daga ƙarshe a gwada amon mataki na 12 da na tsirkiya sake, a matsar da jaki gaba ko baya har su dace.

Jita a Ƙasar Hausa

Jita ta shigo Nijeriya ta bakin teku ne, a hannun ma'aikatan jiragen ruwa, ta zauna a Ikko inda ta shiga kiɗan juju tun shekarun 1930. Jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911 da Ƙauran Namoda a 1929, shi ya kawo ta unguwannin Sabon Gari da barikokin soja da 'yan sanda. A shekarun 1970 Bala Miller ya kafa ƙungiyarsa a Kaduna yana waƙar Hausa da kayan kiɗan Turawa. Duk da haka jita ba ta kori kayan gida ba. A daidai wannan zamani ne gurmin Haruna Uji da kukumar Garba Supa da ta Hassan Wayam da kuntigin Ɗanmaraya suka cika gidajen rediyo da faya-fayai.

A arewa da iyaka labarin ya ɗan bambanta. Buzayen Mali da Nijar sun ɗauki jita tun shekarun 1980 suka ɗora mata salon tahardant. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi fice a baya, Mdou Moctar na ƙasar Tawa, ya fara ne da jitar da ya haɗa da hannunsa daga katako da wayar burkin keke, kuma kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, ya yaɗu ta wayoyin hannu. Wannan dabara ta aron kaya ba baƙuwa ba ce ga makaɗan gargajiya, domin su ma tun bayan yaƙin duniya na biyu, da zaren roba na masunta da wayar ƙarfe suka wadata a kasuwa, da yawansu sun bar jijiya da murɗaɗɗiyar fata. Sabuwar tsirkiyar ta fi jure raɓa, amma ta ƙarfe ta fi jan sanda, don haka ta ƙara yawan lanƙwasa da bukatar sauyi.

Babban abokin gabar jita a ƙasar Sakkwato shi ne hunturu. Masu ƙera ta suna so ta zauna inda damshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, alhali a watannin Janairu da Fabrairu damshin kan faɗi ƙasa da kashi 20. Sai katakon fuska ya tsuke ya lotsa, jaki ya sauka, tsirkiya ta riƙa dukan matakai, bakin matakan ya fito yana yankar yatsa, wani lokaci fuskar ta tsage. Da damina kuma katakon ya kumbura, tsirkiya ta tashi. Abin lura a nan shi ne, lokacin da tsirkiyar molo ke kwanciya, a lokacin ne ta jita ke tashi, domin raɓa sassauta fata take yi, katako kuwa kumbura shi take yi. Mai jita a Goronyo ko Wurno, in yana so ta yi masa biyayya, sai ya tanadi jaki biyu, dogo na rani da gajere na damina, wanda kuwa dabara ce da mai garaya ya riga shi sani.

Kammalawa

An ga cewa sauya sanda da daidaita tsirkiya tsohon ilimi ne a gabashin Sakkwato, wanda ya ginu a kan kayan da ƙasar ke bayarwa da kuma sanin halin damina da hunturu. Ya tsallake tsananin zamanin jihadi, ya kuma tsallake zuwan jita. Abin da ke barazana gare shi a yau iri biyu ne. Na farko, tun daga shekarun 1990 kiɗan fiyano da na kwamfuta, wanda finafinan Hausa suka yaɗa, ya karɓe yawancin bukukuwa, sai yara suka rage zama gaban masu garaya da gurmi. Na biyu, rashin tsaro ya taɓa wuraren da sana'ar ke numfashi. Harin da aka kai ƙauyen Tabanni na ƙasar Raba a watan Yuli na 2018, da wanda aka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, misalai ne na abin da ya tarwatsa ƙauyuka, ya rage cin kasuwa da wasan dare, ya kuma sa shiga daji neman gora ko fata ya zama kasada.

Faifai yana adana murya da amo, amma ba ya adana yadda aka zaɓi sanda, ko yawan ruwan da aka shafa wa fata, ko tsayin jakin da ya dace da watan Agusta. Waɗannan suna hannun dattawa ne, kuma kowane ɗayansu ya kwanta dama ya tafi da nasa. Ya kamata Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da sassan nazarin Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su tura ɗalibai ƙasashen Wurno da Raba da Goronyo, da sansanonin da mutanen ƙauyukansu suka yi gudun hijira, su zauna da masu wannan sana'a. A auna tsawon sanda da kaurinta da tsayin jaki, a rubuta sunan kowane sashe da karin harshen wurin, a rubuta sunan iccen da ake so da wanda ake ƙi, a kuma ɗauki hoton aikin tun daga zare tsohuwar sanda har zuwa ɗaure tsirkiya ta ƙarshe.